Na'urar Ji: Me Ya Sa Take Da Tsada, Ina Kuma Talaka Zai Nufa?

Akwai wani dattijo a ikilisiyarmu wanda shekara da shekaru wurin zamansa a majami'a ɗaya ne, wato benci na biyu daga gaba, kuma shi ne yakan fara ɗaga hannu in an zo lokacin tambayoyi a ajin ranar Laraba. Sannu a hankali sai muka lura ya daina tambaya. Daga baya ya koma bencin baya, daga nan kuma ya zama da an tashi sujada sai ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, ba ya tsayawa a gaisa. Mutane suka fara magana. Waɗansu suka ce an ɓata masa rai ne, waɗansu suka ce tsufa ne ya kawo masa miskilanci. Da muka je gida gaishe shi muka ce, "Baba, ko mun yi maka laifi ne?" sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ba wanda ya yi mini laifi. Ina ganin bakinku yana motsi, ina jin ƙara, amma maganar ba ta isowa. Na gaji da cewa to ga abin da ban ji ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan kwali. Ashe 'ya'yansa sun riga sun sayar da akuya, sun je birni sun sayo masa 'yar na'urar sawa a kunne a wani shagon kayan lantarki. Kwana uku ya yi da ita ya cire. Ya ce tana yi masa kuka kamar gyare, kuma in maƙwabta suka ta da injin niƙa sai ya ji kamar a cikin kansa ake niƙan, alhali kuwa maganar jikokinsa tana nan yadda take, ba ta fita. Akuya ta tafi. Abin da ya fi asarar akuyar ciwo shi ne, Baba ya yanke shawara cewa duk wata na'urar ji yaudara ce, kada wanda ya sake kawo masa zancenta.

Wannan ne ya sa muka shiga bin diddigin al'amarin, muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu abin da muka samu, domin da wuya a sami ikilisiyar da ba ta da irin wannan dattijo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ya kai a taimaka musu, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasu suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ne. Cikin waɗanda suka wuce shekara 60, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu yana da wannan larura. A rahoton da hukumar ta fitar a 2021 ta nuna cewa cikin mutum ɗari da na'urar ji za ta amfana, 17 ne kaɗai suke amfani da ita. Mu a nan arewa muna da ƙarin dalilai na kanmu. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, cikin waɗanda suka tsira kuwa akwai da dama da suka tashi ba ji. Ga ƙyanda, ga hangum, ga zazzaɓin Lassa wanda yakan taɓa jin kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Ga kuma waɗansu allurai irin su gentamisin da sitireftomaisin, waɗanda in an yi su barkatai a kemis sukan lalata kunne har abada.

Abin Da Ya Bambanta Ta Kasuwa Da Ta Asibiti

Kafin mu zo kan kuɗi, sai mun fahimci abin da ya sami Baba. Kunnen da tsufa ya taɓa ba ya rasa dukan sauti daidai wa daida. Siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, kaurara kuwa suna nan. Shi ya sa dattijo zai ji ganga sarai, ya ji muryar namiji, amma muryar mace da ta yaro su gagare shi. Mu ɗauki kalmomin nan huɗu: sara, shara, tsara, fara. Abin da ya raba su shi ne ɗan siririn sautin da ke farko. In wannan ya ɓace, duka huɗun sun zama abu ɗaya a kunnensa, "ara" kawai yake ji, sai ya cika sauran da kintace. Ko ka ɗaga murya, ƙarshen kalmar ka ƙara wa ƙarfi, farkon yana nan a ɓace.

To, abin da aka sayo wa Baba amfilifaya ce tsirara. Aikinta ta ɗauki duk abin da ya shigo, maganar mutum da kukan janareto da ƙarar kwano, ta ƙara musu ƙarfi baki ɗaya. Na'urar ji ta gaskiya kuwa ana saita ta ne da kwamfuta bisa ga sakamakon gwajin kunnen mai ita, ta ɗaga sautukan da ya rasa, ta bar waɗanda yake ji, ta kuma danne ƙara mai tsanani kada ta ƙarasa ɗan jin da ya rage. A ido ba ka iya raba su. Duka biyun suna da makirfo, da batir, da 'yar lasifika. Bambancin yana cikin saitin, saiti kuwa ba ya yiwuwa sai da gwaji.

Saboda haka kuɗin farko da ya kamata ya fita daga aljihu, kuɗin gwaji ne. Ana sa wa mutum abin ji a kunne a ɗaki mai shiru, a riƙa sako masa sauti iri iri, yana ɗaga hannu in ya ji, a rubuta sakamakon kowane kunne a takarda. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa desibel. Wanda rauninsa ya wuce desibel 35 a kunnensa mafi lafiya, shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya take lissafawa cikin masu bukatar taimako. Wannan takarda dukiya ce, a karɓe ta a adana, domin da ita za a iya zuwa ko'ina a tambayi farashi. Gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna a 1999, kuma asibitocin koyarwa na Jos, da Shika ta Zariya, da Kano, da Maiduguri duk suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro.

Wani alherin gwajin shi ne, ba kowane mai raunin ji ne yake bukatar na'ura ba. Wani dauɗar kunne ce ta taru ta toshe hanya, in an wanke shi ke nan. Wani ruwa ne a bayan dodon kunne, wani kuma dodon ne ya huje saboda tsohon ciwo ko sakace da tsinken ashana, waɗannan magani ko aiki suke so. Kunnen da ke fitar da mugunya ba a toshe shi da na'ura sai an warkar da shi. Wanda kuma ya kwanta lafiya ya tashi kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, wannan kada ya tsaya neman farashin komai, ya nufi asibiti a kwanakin nan, domin jinkiri yana rage damar dawowar jin.

Ina Kuɗin Yake Tafiya?

Yanzu ga maganar tsada. A 2015 kwamitin masana da ke ba shugaban Amurka shawara kan kimiyya ya ba da rahoto cewa a can ƙasar, matsakaicin farashin na'ura ɗaya ya wuce dala 2,300, yawancin mutane kuwa biyu suke bukata. Mu yi lissafi da kuɗinmu. A 2024 dala ta haura N1,500, a shekarar ce kuma aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na N70,000. Dala 4,600 ta zama kusan naira miliyan 7 ke nan, wato albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da shekara 8, bai ci ba bai sha ba. Wanda ya ji wannan ya ce a bar zancen, ba za mu ga laifinsa ba.

Amma rahoton nan ya faɗi wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Hukumar da ke kula da tsofaffin sojojin Amurka, wadda take saye da yawa kai tsaye daga kamfanoni, kimanin dala 400 take biya a kan kowace ɗaya. Kamfanonin ɗaya ne, kayan ma irinsu ɗaya. Ina sauran kuɗin ya shiga? Ya shiga hayar shago, da albashin mai gwaji, da lokacin da zai ɓata yana saitawa, da zuwa gyara na shekara biyu ko uku, da talla, da riba, duk an ɗaure su a ƙunshi ɗaya an kira shi farashin na'ura. Mai saye ba ya ganin abin da ke cikin ƙunshin. A Ingila kuwa hukumar lafiya ta gwamnati ce take saye da yawa ta ba marasa lafiya aro kyauta, har da batir.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin masu ƙerawa. Kamfanoni biyar ne suke riƙe da kusan dukan kasuwar duniya: Sonova na ƙasar Suwizalan mai yin Phonak, da Demant mai yin Oticon, da GN mai yin ReSound, da WS Audiology mai yin Widex da Signia, waɗannan ukun tushensu Denmak, sai Starkey na Amurka. Sunaye da yawa da ake gani a kwali, in an bi salsala gida biyar ɗin nan ake komawa. Inda masu sayarwa ba su da yawa, ciniki ba ya faɗuwa, kowane ɗan kasuwar hatsi ya san wannan. A kan haka kuma sai a ɗora namu: canjin dala, da kuɗin jirgi, da ribar dillali na Legas, da ta wanda ya kawo arewa.

Dalili na uku, ƙawa. Kowane kamfani yana da matakai, daga ta ƙasa zuwa ta sama. Ta sama tana haɗuwa da wayar hannu, tana gane ko mutum yana cikin mota ne ko ɗakin taro, tana da ƙanƙanta har ba a ganinta. Waɗannan abubuwa suna da daɗi, ba mu ce ba su da amfani ba. Sai dai ga dattijon da bukatarsa ita ce ya ji matarsa, ya ji jikokinsa, ya ji sanarwa ranar Lahadi, ta matakin ƙasa wadda aka saita da kyau ta fi ta sama wadda aka miƙo masa a kwali. A ganinmu nan ne mutanenmu suke yawan asarar kuɗi, musamman 'ya'yan da suke aiki a birni, waɗanda kunya take hana su tambayar mai araha kada a ce sun yi wa iyaye rowa.

Tun a 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa a ƙasashe masu tasowa, bai kamata farashin na'ura ya wuce kashi 3 cikin ɗari na matsakaicin abin da mutum ɗaya yake samu a shekara ba. Wato a ƙasar da rabon kowa ya kama dala 1,000, na'urar kada ta wuce dala 30. Har yanzu da sauran tafiya kafin a kai nan, amma an ɗan motsa. A watan Oktoba na 2022 Amurka ta halatta sayar da na'urar ji a kanti ba tare da takardar likita ba, abin da ya fito da masu arahar da ake samu a kan 'yan ɗaruruwan daloli. A 2024 ma hukumar magunguna ta ƙasar ta amince a yi amfani da abin sauraron kamfanin Apple mai suna AirPods Pro 2, wanda ake sayarwa dala 249 a lokacin, a matsayin na'urar ji, ko da yake sai da wayar kamfanin ake saita shi, cajinsa kuma ba ya kai yini. Amma a lura da iyakar da dokar ta sa: irin waɗannan na manya ne daga shekara 18, masu rauni kaɗan ko matsakaici. Ba na yara ba ne, ba kuma na wanda sanƙarau ya ɗauke wa ji ba ne.

Kuɗin Da Ba A Faɗa A Ranar Saye

Ko an sami na'urar kyauta, ba a gama biya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki da muka zauna da biro da takarda.

Batir dai ba irin na agogo ba ne. Iri huɗu ne, kowanne da lamba da launi: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska yake aiki, shi ya sa ake manna masa 'yar takarda. Da an ɓare ta ya fara ƙarewa, ko an sa shi ko ba a sa ba, mayar da takardar kuma ba ya tsayar da shi. Ƙaramin cikinsu kwana uku zuwa bakwai yake yi, lamba 13 yakan yi mako ɗaya zuwa biyu, 675 ya fi su daɗewa. In muka ce kowane batir yana kwana 10, mai na'ura biyu zai ci sama da 70 a shekara, cikin shekara biyar da ake sa ran na'urar za ta yi kuwa ya haura 350. Tambayar da za a yi ita ce, a garinmu wa yake sayar da wannan lamba? In sai an shiga mota zuwa babban birnin jiha, to a haɗa da kuɗin mota. Akwai masu caji, suna da kyau inda wuta take samuwa ko akwai sola. A Botsuwana ma tun farkon shekarun 2000 wata ƙungiya mai suna Godisa ta fara haɗa abin cajin batirin na'urar ji da hasken rana, kurame ne kuma ma'aikatanta, daga baya aikin ya bazu zuwa Birazil da sunan Solar Ear. Sai dai mai caji in batirin cikinta ya mutu bayan 'yan shekaru, yawanci sai an mayar wa kamfani, wannan ma a tambaya tun da wuri.

Bayan batir akwai matoshi, wato robar da ake zubawa daidai da ramin kunnen mutum. In bai zauna daram ba, sautin yakan zurare ya koma makirfo, shi ne kukan gyaren da ya kori Baba. Na babba yakan daɗe, amma yaro kunnensa girma yake yi, dole a riƙa sake masa, jariri ma bayan 'yan watanni. Siririn bututun da ya haɗa matoshi da na'ura yana bushewa ya tsage. Zufa da laimar damina suna kashe na'ura, ƙurar hunturu tana toshe ta. Dabara mai sauƙi ita ce a cire batir da dare, a sa na'urar cikin kwalba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. A kuma ɓoye batir daga yara, haɗiye shi haɗari ne babba.

Saboda waɗannan dalilai, irin wadda ake ratayawa a bayan kunne ita ce ta fi dacewa da mu, ita ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita wa ƙasashe irin namu. Ta fi ƙarfi, ta fi jure wahala, batirinta babba ne wanda yatsun tsoho za su iya kamawa, in ta lalace kuma gyaranta ya fi sauƙi. Mun san akwai masu jin kunyar a gan ta. Amma ba mu taɓa jin wanda ya ji kunyar tabarau ba.

Wanda zai saya, kada ya tambayi "nawa ne" ya tsaya nan. Ya ce a rubuta masa kuɗin na'ura daban, na gwaji daban, na matoshi daban, na saitawa daban. Ya tambaya sau nawa zai dawo a gyara saiti ba tare da sabon biya ba, domin da wuya saitin farko ya zauna. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru cikin shiru tana bukatar makonni kafin ta saba. Ya tambayi tsawon garanti, da inda ake kai gyara, da ko za a karɓa a mayar masa da kuɗi in ya gwada bai ji daɗi ba. Ya karɓi rasit. Mai sayarwar da bai nemi ganin takardar gwaji ba, bai kuma leƙa cikin kunne ba, a bar masa kayansa. In kunnuwa biyu ne suka raunana, biyu sun fi, amma in ƙarfi bai kai ba, ɗaya mai kyau ta fi biyu na banza, mai gwajin ne zai faɗi kunnen da za a fara da shi.

Masu 'yan'uwa a ƙasashen waje sukan sami wadda wani ya yi amfani da ita. In ta bayan kunne ce, ana iya sake saita ta a yi mata sabon matoshi. In ta cikin kunne ce wadda aka zuba daidai da kunnen wani, ba ta da amfani. Kafin a aiko, a kai sunan kamfanin da lambar na'urar wurin mai gwaji a ji ko yana da abin saita irinta, domin akwai waɗanda aka kulle, sai shagon da ya sayar ne yake iya taɓa su.

Game da rabon kyauta da ƙungiyoyi sukan zo su yi na kwana biyu, muna godiya, amma mun ga inda abin yake ƙarewa. Bayan wata uku batir ya ƙare, bututu ya tsage, masu rabo sun koma ƙasarsu, na'ura ta shiga ƙasan akwati. Duk ikilisiyar da za ta karɓi irin waɗannan baƙi, ta tambaye su tun kafin su zo wa zai duba mutanen bayan sun tafi.

Darasin tsofaffin sojojin Amurka shi ne saye da yawa yana karya farashi, mu kuwa ba abin da muke da shi kamar jama'a. Gunduma ɗaya za ta iya tattara sunayen masu raunin ji a ikilisiyoyinta, ta ɗauki mota ɗaya zuwa gwaji, ta nemi farashin iri ɗaya mai batir lamba ɗaya ga duk wanda ya dace da shi, ta sayi batir kwali kwali a ajiye a ofishi, a kuma tura matashi ɗaya ko ma'aikaciyar asibitinmu ta koyi sauya bututu da share matoshi. Zumuntar mata sun daɗe suna adashi don kwanuka da anko, wannan bai fi ƙarfinsu ba. Mu kuma masu tsayawa a gaba, mu rage wa lasifika wuta. Mun sha ganin an zaunar da yaran makarantar Lahadi a gindin lasifikar da ko babba in ya tashi daga wurin sai kunnensa ya yi ta ƙugi har yamma, wannan ƙugin kuwa alama ce ta ɓarna.

Akwai waɗanda jinsu ya tafi gaba ɗaya, na'ura ba za ta yi musu komai ba, bai kamata a bar iyayensu su yi ta zubar da kuɗi ba. Hanyarsu maganar hannu ce da makaranta, irin ta kurame da ke Bassa a jihar Filato ko ta Tudun Maliki a Kano, da wuri kuma, tun yaro bai wuce shekarun koyon harshe ba.

Baba dai sai da muka yi sawu uku kafin ya yarda a kai shi gwaji. Aka tarar kunnen hagu cike yake da dauɗa, aka wanke, na dama kuma na tsufa ne. An yi masa ɗaya ta bayan kunne mai batir lamba 13, 'ya'yansa suka biya rabi, ajin Laraba suka cika sauran. Ya koma saiti sau biyu. Har yanzu yana ƙorafin cewa takalman mawaƙa sun cika ƙara, in an ta da injin niƙa kuma yakan kashe ta ya sa a aljihu. Batirinsa yana wurin ma'ajin ikilisiya, duk ranar Lahadi ta farkon wata yake karɓar guda uku.